Turmin Inno

A Kaura Namoda, in ka tambayi masu gyaran waya na bakin tasha ina Misbahu, sai su ce maka wanne, mai tsintar wuta? Su suka laƙaba masa sunan don tsiya, sunan kuwa ya zauna daram, domin aikinsa ke nan. Malami ne a sashen lantarki na wata makarantar fasaha, amma koyarwar ba ita ke hana shi sukuni ba. Abin da ke cin ransa shi ne ƙarfin da ke zubewa a banza duk inda mutum ya waiga: zafin da kwanon rufi ke sha da rana, girgizar injin niƙa, iskar da ke kaɗa ƙyauren shago. Ya ce in an iya tsince wannan kaɗan-kaɗan aka tara, zai ishi ƙaramar na'ura ta rayu shekara da shekaru, ba batir, ba mai leƙa ta.

Ba son burgewa ya kai shi ga wannan ba, dole ce. Shi da shugaban sashensu, Dakta Mainasara, sun daɗe suna dasa wasu ƙananan na'urori a rumbunan hatsi da ɗakunan ajiyar albasa, daga Shinkafi har ƙasar Zurmi. Aikin na'urar ta ji zafi da laima, in kaya za su lalace ta aiko da saƙo ba tare da waya ba, wannan ta miƙa wa waccan, waccan ta miƙa wa ta gaba, har saƙon ya faɗo cikin kwamfutar ɗakin aikinsu. Da farko batir suka sa. Batir ya mutu, aka rasa wanda zai sayar da ransa a hanya don ya je ya canza shi. Suka koma sola. Sola kuwa ba ta kwana biyu a saman rumbu, domin mutanen daji, wato 'yan bindiga, na son ta fiye da mai ita, da ita suke cajin wayoyinsu, kuma gidan da rufinsa ke ƙyalli ya kira wa kansa baƙin da bai shirya musu ba. Daga nan Misbahu ya duƙufa neman wutar da ba ta ƙyalli, wadda ɓarawo zai wuce ta bai san tana nan ba.

Abin da ya ƙware a kai wani ɗan faifai ne siriri, ɗan'uwan wanda ke cikin laita, wanda in an matsa shi yake ba da tartsatsi. Duk bugun da faifan ya sha, sai ya tsiyayo 'yar wuta cikin wata ma'ajiya da ba ta fi babban yatsa ba. Bugu ɗaya ba ya komai. Amma in an yi ta yi, ma'ajiyar na taruwa kamar randa a ƙarƙashin indararo, har ta samu abin da za ta tashi na'urar daga barci ta yi magana.

To, duk wannan ilmi bai magance masa damuwarsa ɗaya ba, wato mahaifiyarsa. Inno tana Tungar Rimi, wani ɗan ƙauye bayan Gurbin Bore, inda rabin mutanen gari suka riga suka watse. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya turo dattawa, ta ce ba inda za ta. Kabarin mijinta na nan, awakinta na nan, kuma ba za ta je ta zauna a ɗakin haya tana kallon bango ana auno mata ruwa a jarka ba. Tsohuwa ce mai kafiya, shi ma ɗan ba a ƙasa ya tsinci tasa ba. Tun da aka ƙone turken sabis na yankin, ba ya jin muryarta. Labarinta sai dai ranar kasuwa ya je tasha ya bi direbobi da 'yan acaɓa yana tambaya ko akwai wanda ya gan ta. Wani makon a ce masa tana lafiya, wani makon a ce ba wanda ya fito daga can, ya koma gida abinci ya ƙi shiga. Abu ɗaya yake so a duniya, ya san kullum cewa uwarsa na numfashi, in kuma ta kwanta ya isa gare ta tun da sauran dama.

Gab da faɗuwar damina ya shirya ya tafi. Ya ajiye tabarau da agogo a gida, ya sa tsohuwar riga, ya goga ƙasa a tafin hannunsa har da cikin farce, domin a shingen daji hannu ake dubawa, kuma hannu mai laushi na ma'aikacin gwamnati ne, mai shi ba ya komawa gida ranar. Ya cusa kansa cikin 'yan kasuwa a bayan mota, kayan aikinsa na cikin buhun dusa. Allah Ya tsare, suka isa.

Ya sa masassaƙi ya fafe gindin tsohon turmin Inno, ya kwantar da faifan da ma'ajiyar a ciki, ya toshe da katako da ƙaro yadda ko mai ita ba za ta gane an taɓa ba. A saman masallacin garin ya maƙala ɗan akwati mai shan zafin kwano da kaɗawar iska, wanda zai karɓi saƙon turmin ya miƙa wa na'urorin rumbunan da ke kan hanya. Lissafinsa mai sauƙi ne. Duk macen da ke da rai da lafiya a wannan ƙasa tana daka. In Inno ta daka geron furarta, turmi zai gaya masa.

Sai dai ya ƙara wata dabara, wadda ita ce ya fi alfahari da ita. Ya san ba kullum tsohuwa ke daka ba. Wata rana maƙwabta su aiko mata da fura, wata rana ta tafi barka, wata rana ruwa ya yini yana zuba. Shi kuwa ba ya so ya hau wannan hanya saboda an yi ruwa. Don haka ya tsara na'urar ta zama mai tattali: kada ta kashe duk abin da ta tara, sau ɗaya a yini ta ɗebi kaɗan ta aiko, sauran ta adana, yadda ko an yi kwanaki ba a daka ba za ta ci gaba da magana daga ajiya. In kuwa ma'ajiyar ta cika ta batse, to rarar ta fita da ƙarin saƙo, kada a yi asara. Bai yi wa Inno wannan bayani ba. Ina tsohuwa ina dogon turanci, in ji shi a ransa. Ya zaɓi magana ɗaya wadda za ta riƙe.

Ta tsaya tana kallonsa, taɓarya a hannu, maƙwabciyarta Rekiya na leƙe ta saman danga tana dariya.

"Ni da nika daka tun ba a haihe ka ba, yau turmina za ya koyi tsegumi?"

"Ba tsegumi ba na, Inno, gaisuwa ta. In kin daka, ina ji daga Kaura. Ranad da yay yi shiru, ranan nan za ki gan ni bakin ƙohwa, komi ak kan hanya."

Fara'a ta ɗauke daga fuskar Inno. Ta dubi hannayensa da ya shafe da ƙasa, ta daɗe tana dubansu, sannan ta ce ta ji. Ta zuba gero ta hau daka, shi kuma ya tsuguna gefe yana murna da jin bugun.

Abu ya yi kyau, ba sai an faɗa ba. Kullum sai wani ɗigo kore ya bayyana a kwamfutar ɗakin aiki, ya faɗo a wayar Misbahu. Mutumin da ya rame ya fara ciko. Ya koma cin tuwo da ƙari, ya koma tsokanar ɗalibai. In abokai sun tambaye shi tsohuwa, sai ya zaro waya ya nuna musu, ya ce ga ta nan yanzu ta gama gaishe shi. Sannu a hankali ya daina zuwa tasha. Me zai je yi, ya tsaya cikin hayaƙi yana roƙon direba labari, alhali labarin na cikin aljihunsa? Sabulu da sukari da ganyen shayin da ya saba damƙa wa 'yan kasuwa su kai mata, su ma suka ja baya, ba don rowa ba, sai don wanda ba ya zuwa tasha ba ya haɗuwa da ɗan aike. Ba mugun ɗa ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Hankalinsa ne ya kwanta, kuma kwanciyar ta yi yawa.

Matarsa Naja'atu ba ta yarda da abin ba tun farko, amma ba ta da hujjar da za ta kayar da malamin lantarki. Takan ce masa dai ya nemi wani ya je ya gano ta ido da ido, ya zo ya ce ta yi ƙiba ko ta rame, tana tari ko ba ta yi. Shi kuma ya ce mutum na iya ƙarya don ya faranta maka, na'ura ba ta iya ba. Ta bar shi.

Da damina ta yi nisa, mutanen daji suka yanka wa ƙauyukan yankin kuɗin noma, suka ce ba shiga ba fita sai an kai musu. Motoci suka daina bin hanyar, kasuwa ta mutu. Mai larura ta gaske kaɗai ke ratsawa da ƙafa ta cikin gonaki, ya ɓullo ta wajen Birnin Tsaba, in Allah Ya yi da sauran kwanansa. Duk wanda ke da ɗan'uwa a can ya shiga tashin hankali, ana ta taruwa a tasha ana jimami. Misbahu kaɗai ke yawo da ɗigonsa kore, har wasu na yi masa kallon mai sa'a.

A cikin wannan hali Dakta Mainasara ya zo da albishir: wata ƙungiya daga Abuja za ta turo mutane su ga aikin, in ya gamsar da su a faɗaɗa shi. Nan take sashen ya rikice. Aka shafa fenti a bangon da ya shekara goma bai ga fenti ba, aka aro kujeru, aka share har bayan gini inda baƙo ba zai taɓa zuwa ba. Misbahu ya ɗinka sabon yadi, ya sayi hula. A wannan makon ko kallon kirki ba ya yi wa wayar. In ɗigon ya faɗo sai ya ce alhamdu lillahi ya mayar aljihu ya ci gaba da ba ɗalibai umarni. Damuwarsu ɗaya ita ce hadari. An jera kwanaki rana ba ta fito sosai ba, na'urorin Shinkafi masu dogaro da zafin kwano sun yi laushi, sai su yini ba su ce uffan ba. Mainasara na ta fargabar baƙi su zo su tarar da allo wayam.

Ranar da baƙin suka zo, garin ya tashi da lumshi. Aka zaunar da su gaban babban allo, Mainasara ya fara jawabi yana jan magana, yana satar kallon allon da ba abin da ke motsi a kansa. Can sai ɗigon Tungar Rimi ya faɗo. Misbahu ya yi ajiyar zuciya. Kafin ya buɗe baki wani ya sake faɗowa. Sai wani. Sai wani kuma. Abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka dasa na'urar, saƙo ya riƙa zuwa a jere, ba ƙaƙƙautawa, har layin ya cika ya koma na ƙasa.

Mainasara ya matso ya tambaye shi a kunne ko wani abu ya lalace. Misbahu ya ce ba abin da ya lalace, ma'ajiya ce ta cika take ambaliya. Ya miƙe, ya gyara hula, ya karɓe jawabin. Bai taɓa magana mai daɗi irin ta ranar ba. Ya gaya musu cewa wannan da suke gani ba batir, ba sola, ba sabis, ƙarfin dantsen matan karkara ne kawai, wanda ake zubarwa a ƙasa tun kaka da kakanni ba wanda ya tsince shi. Wata mata cikin baƙin ta tambaya wace ce ke daka haka tun safe ba hutawa. Ya ce mahaifiyarsa ce, ta haura saba'in, kuma in aka ba ta taɓarya sai 'yan mata su nemi wurin zama. Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi. Matar ta ce lallai a gaishe mata da wannan jaruma, ta kuma roƙi a ba su hoton allon su sa a gaban rahotonsu. Aka ba su. Aka ci shinkafa da kaji, ɗigo na ta faɗowa a bayansu har aka yi la'asar.

Ya koma gida da tsire a takarda, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya zauna ya ba Naja'atu labari tun daga farko, har da yadda matar nan ta yi tafi. Ta saurare shi ba ta taɓa tsiren ba. Da ya gama ta tambaye shi, cikin sanyin murya, ko akwai mai ciki a gidan Inno. Ya ce babu, ita kaɗai ce. Ta ce ko an sa ranar wata a unguwar. Ya ce wa zai yi biki cikin wannan ƙunci. Ya ƙara da cewa wataƙila sabon gero ne. Ta ce gero bai nuna ba tukuna, jiya ta ga na bayan gari. Daga nan ta tashi ta hau wanke kwanonin da ta riga ta wanke.

Ba sai ta ƙarasa ba. Duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ke tara mata a kan turmi ɗaya tun safe, suna karɓa-karɓa da taɓarya. In ba suna ba, in ba aure ba, to gumba ce, wadda ake dakawa a raba sadaka in an yi kwana uku da binne mutum. Tsoro ya kama shi, kuma da yake namiji ne sai tsoron ya fito a fushi. Ya ce mata bakinta ba alheri, mutum ya zo da farin ciki ta tarbe shi da mugun fata. Ta ba shi haƙuri. Tsiren ya kwana a takardarsa.

Washegari ya zauna da waya a hannu, bai je aiki ba. Ɗigon ya faɗo, guda ɗaya, yadda ya saba. Ya tashi har yana tuntuɓe ya kai mata kicin ya ɗora mata a fuska. Ta ce Allah Ya sa haka ne. Jibi ma ya faɗo, gata ma haka. A duk faɗin Zamfara babu wanda ya fi Misbahu sanin abin da cikakkiyar ma'ajiya ke iya yi ita kaɗai, shi ya tsara ta da hannunsa. Amma bai yi wa kansa wannan tambaya ba, ko ya yi ya danne. Ya leƙa tasha sau ɗaya, aka ce har yanzu ba mota. Ya ce to, da hanya ta buɗe zai je, ya kai mata atamfa da labarin matar Abuja.

Hanya ta buɗe da aka fara yankan gero. Ya sayi atamfar, ya sa ranar tafiya. Ana saura kaɗan, wata rana bayan azahar yana zaune a tsakar gida, aka yi sallama. Rekiya ce, maƙwabciyar Inno, ta rame ta yi baƙi, ƙafafunta fari fat da ƙura, da ɗan ƙulli a ka. Ya tashi da murna ya tarbe ta, Naja'atu ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa. Tsohuwar ba ta sha ba. Ta sauke ƙullin, ta gyara zama, ta sunkuyar da kai.

"Ya haƙuri, Misbahu? Ya ƙarin haƙurinmu?"

"Haƙurin wa, Gwaggo?"

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi Naja'atu. Naja'atu ta riga ta toshe bakinta da gefen mayafi. Shi kuwa yana tsaye da murmushin tarba bai gama barin fuskarsa ba, sai ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba.

Rekiya ba ta yi tsammanin ita za ta kawo labarin ba, ta'aziyya ta zo yi. Don haka ta ba da shi a hargitse, sai da Naja'atu ta riƙa mayar da ita baya. Inno ta kwanta tun tsakiyar damina. Zazzaɓi ne da farko, daga baya ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Ranar da ta kasa ɗaga taɓarya ta kira Rekiya ta ba ta amana: kada turmin nan ya yini shiru, don yaron nan ya ce zai taho komi ke kan hanya, kuma ta san shi, zai taho. Rekiya ta riƙa zuwa tana daka nata geron a can. Da gero ya yi ƙaranci ta riƙa zuba ƙaiƙayi, don mace ba ta dakan turmi wayam. Haka aka yi makonni, tsohuwa na kwance a ɗaki tana jin ana yi wa ɗanta ƙarya da umarninta, in an tsaya da wuri ma ta ce a ƙara.

Misbahu ya rufe ido. Ciwon da ta lissafa masa, ya san asibitin Kaura na ganin irinsa kullum. Baƙin ciki ya taso masa, da haushin tsohuwar, da sonta, duk a haɗe, har ya rasa wanda zai fara ji. Ya ɗauka labarin ya ƙare ke nan. Bai ƙare ba.

Rekiya ta ce wata safiya Inno ta tashi da ɗan ƙarfi, ta sa aka jingina ta da bango, ta sha kunu. Sannan ta ce ta ji a jikinta tafiya ta zo, kuma ta fasa jarumtar.

"Tac ce, Rekiya, kihe turmin ga. Ina son in ga ɗana. In Allah Ya tsare shi kan hanya, to; ni dai ina son in gan shi."

Suka kife turmin a tsakar gida, suka ɗora masa dutse don kada wata ta zo aro ta daka bisa rashin sani. Duk unguwa aka sanar. Mata suka riƙa zagaye shi kamar kabari. Limamin garin ya ce a nemi wani saurayi ya ratsa ta gonaki ya kai saƙo Kaura, Inno ta hana. Ta ce ba za a sa ɗan wani a hanya ba alhali turmi ya riga ya gaya masa, ita da kunnenta ta ji ya yi alkawari. Ta sa aka yi mata wanka, aka ɗaura mata zanen da ya aiko mata da sallar bara, aka jawo shimfiɗarta bakin ƙofa inda take hango hanyar gonaki. Ranar farko ta ce yana shiri. Ta biyu ta ce hanya ce, sai ya yi zagaye. Ta sa aka ajiye masa fura a ƙwarya, kullum a zubar a dama sabuwa a gidan Rekiya. Daga baya ta daina cewa komai, sai dai in kare ya yi haushi ta buɗe ido. Ana cikin haka ta cika, da hantsi, fuskarta na kallon ƙofar. Ba a sake tayar da turmin ba sai ranar gumbarta.

Misbahu ya ƙirga baya a ransa ba tare da ya so ba. Kwanakin da turmin ke kife su ne kwanakin fenti da aron kujeru. A kowace ranar cikinsu ɗigon ya faɗo masa a kan lokaci, daga ajiyar da ya yi wa tattali, ya ce alhamdu lillahi ya mayar aljihu. Ta kira shi da hanya ɗaya tilo da ya ba ta, shi kuma tun ranar farko ya toshe hanyar da hannunsa, bai gaya mata ba.

Rekiya ta kwance ƙullin. Gumba ce 'yar dunƙule, ta bushe ta tsage, rabonsa da ta ajiye masa. Ta tura gabansa. Sannan ta ce akwai abin da take so ta ji daga bakinsa, don ta samu abin da za ta mayar gida. Mata na ta magana a can, wasu na cewa boko ya cinye shi, ya samu duniya ya manta da wadda ta haife shi. Ita kuwa ta tsaya musu, har ta ɓata da wasu. Ta ce musu ita ta goya yaron nan, ta san halinsa. In dai turmi ya yi shiru bai zo ba, to ko dai yana kwance asibiti, ko an kama shi a hanya.

"Shi ya sa nit taho da kaina. Gaya mani, ɗana, mi yah hana ka tahowa?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba. Ta matso tana duba shi da idon uwa, daga fuska zuwa wuya zuwa hannaye, tana neman rama, ko tabon ɗauri, ko wata alamar jinya da za ta ɗauka ta kai wa matan Tungar Rimi ta rufe musu baki. Ta duba da kyau, har ta kama hannunsa ta juya. Ya yi ƙiba, fatarsa na sheƙi.

Ya buɗe baki zai yi mata bayani, ya ga babu kalma ɗaya a cikin bayanin da za ta iya ɗauka zuwa gida. Naja'atu na kuka a hankali a bayansa. Tsohuwar na riƙe da hannunsa tana jira.

"Lahiyata lau, Gwaggo," ya ce. "Ina nan Kaura."